Gargaɗin Muridi Bisa Sana'a da Abin da Zuciya Ke Buri

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya raba arziki tsakanin bayinsa, ya sanya yini domin biɗa, ya sanya dare domin hutawa da ganawa da shi. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, wanda ya yi kiwo shina yaro, ya yi fatauci shina saurayi, anka kira shi amintacce tun ba a aiko shi ba, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Allah shi ƙara yarda ga shehunmu Ahmadu Tijjani da halifofinsa da muƙaddamansa.

Bayan haka, wagga takarda ce zuwa ga 'yan'uwa ma'abota wuridi na Magama da Jibiya da Ɗan Isa da ƙauyukan da ke kewaye da su, tsofaffinsu da samarinsu. Dalilin rubuta ta, tambaya ta yi yawa bisa sha'anin sana'a. Wani shina cewa a roƙa ma shi Allah shi sami aikin damara, wani shina cewa a roƙa ma shi kayansa su ƙetare lafiya cikin dare, wani kuwa ya yar da fartanya da allura ya zauna zawiyya, shina cewa ya dogara ga Allah. Na ga ya kamata a amsa masu gaba ɗaya, domin ciwonsu guda ne ko da wurin kukansu ya bambanta.

Ka sani, ya kai muridi, Allah shi datar da mu da kai, wuridi iri ne, zuciya ita ce gona, abin da ka ci kuwa shi ne ruwan da gonar ke sha. Kadan ruwan ya zamo na kanwa, iri ba shi tsira, ko da daga rumbun waliyyi anka ɗebo shi. Shi ya sa kana ganin mutum shekara ashirin shina jan tasbaha, bai rasa lazimi ba safe da marece, ga shi sahun gaba wurin wazifa, amma harshensa bai bar ƙarya ba, zuciyarsa ba ta yi taushi ba, shina mamakin abin da ya tsare shi. Ba izini ne ya raunana ba. Shi duba tukunyarsa. Ya zo cikin hadisi ingantacce, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, ya ambaci matafiyi wanda tafiya ta yi ma shi tsawo, ƙura ta rufe shi, shina ɗaga hannu shina kiran Ubangiji, alhali cinsa da shansa da tufarsa duk haramun ne, ya nuna nisan karɓar addu'arsa. To, matafiyi fa, wanda addu'arsa ke cikin waɗanda ba a mayarwa. Ina ga wanda ke zaune bisa buzu da ƙoshi?

Fasali bisa cewa sana'a hanyar annabawa ce da waliyyai

Wanda ya zaci barin sana'a shi ne tsoron Allah, bai karanta labarin mutanen Allah ba. Annabi Dawuda sarki ne, duk da haka sulke shi ke ƙerawa, daga aikin hannunsa shi ke ci. Annabi Zakariyya masassaƙi ne. Annabi Musa ya yi kiwo shekaru a Madyana, ya biya sadakinsa da ƙwadago. Sayyidina Abubakar ɗan kasuwar tufafi ne. Abdurrahmanu ɗan Aufu ya isa Madina hannu wofi, ɗan'uwansa na Ansaru Sa'adu ɗan Rabi'u ya yi ma shi tayin rabin dukiyarsa, bai karɓa ba, ya yi ma shi addu'a, ya biɗi a nuna ma shi hanyar kasuwa. Uwar muminai Zainabu ɗiyar Jahshi jima ta ke yi da ɗinkin fata, ta yi sadaka da abin da ta samu.

Shehunan ɗariƙa na farko kuwa, duba sunayensu kaɗai ya ishe ka. Sariyyu Saƙaɗi, kawun Junaidu kuma shehunsa, mai rumfa ne cikin kasuwar Bagadaza. Abu Hafsin Haddadu maƙeri ne. Abu Sa'idu Harrazu baduku ne. Hairu Nassaju masaƙi ne. Hamdunu Ƙassaru mai wankin tufafi ne. Waɗanga su ne taurarin wanga ilmi, kuma da sana'o'insu anka san su har yau. Ko nan ƙasarmu, Wali Ɗan Marna na Katsina, wanda ake ziyarar kabarinsa, sunansa cikin littattafan Larabci ɗan marini ne ma'anarsa. Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah shi jiƙansa, sananne ne ga mutanen ƙasar ga cewa igiya shi ke tufkawa shi ci daga kuɗinta, alhali jama'a na kawo ma shi kyauta ta ko'ina. Ɗansa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu 1837, ya wallafa littafi musamman bisa hukuncin neman abinci, kuma cikin littafinsa Usulus Siyasa, wanda ya rubuta ma Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya hore shi da shi kula da masu sana'a, manoma da maƙera da maɗinka da marina da mahauta da masassaƙa da masu magani, shi zaunar da su kowane gari gwargwadon bukatar mutanensa. Wasiyyar nan ga sarkin ƙasarmu anka yi ta, ba ga wani na nesa ba. Mu ne munka fi cancanta da riƙe ta.

Shehunai sun rarrabe mutane kashi biyu, ma'abota tajridi da ma'abota sababi. Mai tajridi shi ne wanda Allah da kansa ya yanke shi daga biɗa, alamarsa ba shi kallon hannun kowa, ba shi kuka, kuma babu wanda ke kwana da yunwa saboda zamansa. Irinsa kaɗan ne ƙwarai, cikin dubu da wuya ka sami guda. Mai littafin Hikam, Ibnu Aɗa'illahi, ya ƙidaya kwaɗayin barin sababi ga wanda Allah ya tsayar cikinsa a cikin sha'awar rai mai ɓuya. Saboda haka wanda ke da mata da ɗiya, ya zauna zawiyya tun hantsi har la'asar, matarsa na aika yarinya talla tashar mota tsakanin direbobi domin a sami na cefane, wannan ba mutawakkili ba ne, malalaci ne da ya ari rigar sufaye. Tawakkali aikin zuciya ne, biɗa aikin gaɓɓai ne, ba su cin karo. Tsuntsun da anka buga misali da shi cikin hadisi, sai da ya bar sheƙarsa da safe kana ya komo da ƙoshi. Muƙaddamin da ya ga irin wanga mutum gabansa kullum, wajibi ne shi tashe shi, shi ce ma shi tafi ka nemo, wazifa ba ta wuce ka, bayan magariba a ke yinta.

Fasali bisa halin wanga wuri namu

Ku sani, ya 'yan'uwa, Allah ya zaunar da mu bakin ƙofa, kuma zaman bakin ƙofa shina da ni'ima shina da fitina. Kakanninmu ba su san iyaka nan ba. Katsina da Maraɗi ɗiyan gida guda ne, sarautar Maraɗi ma daga Katsina ta fita bayan jihadi. Fatake na bin wagga hanya da jakai da raƙuma, gishirin Bilma na gangarowa tare da ayarin Azbinawa, goron Gwanja na hawa, turkuɗi da fatu na tafiya arewa, kowane ayari da madugunsa da jagabansa da malaminsa mai tsai da salla. Sai Turawan Ingila da na Faransa sunka raba ƙasa, sunka kafa alamomin iyaka tsakanin 1906 da 1908 bisa lissafin Nasara, gonar mutum ta faɗa ƙasa guda, gidan surukinsa ya faɗa wata. Tun daga sa'an nan abu guda ya zamo da kuɗi biyu, na wannan gefe da na wancan, mutane sunka iske ana iya cin abinci daga bambancin kaɗai, ba tare da an shuka ba, ba tare da an ƙera ba.

Nan fitinar ta ke. Yaro ya tashi ya ga maƙwabcinsa ya shekara shina noma bai sayi keke ba, ya ga wani cikin dare uku na fito ya sayi babur. Sai zuciyarsa ta mutu ga fartanya da maƙera da keken ɗinki, burinsa duka ya koma ga jarka da buhun shinkafa 'yar waje. Ubansa ma shina murna, zama ana kawo ma shi cefane.

Amma Allah ya nuna mana aya da idonmu, har sau biyu cikin shekara biyar. Cikin watan Agusta na 2019 hukumar Nijeriya ta rufe iyakokin ƙasa, daga baya cikin shekarar nan ta hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. An buɗe waɗansu ƙofofi ƙarshen 2020, tamu ta Jibiya kuwa ba a buɗe ta ba sai watan Afrilu na 2022, cikin azumin 1443. Mutane ba su gama numfasawa ba, anka janye tallafin man fetur ƙarshen watan Mayu na 2023, ribar jarka ta karye. Sa'an nan ranar 26 ga Yuli na 2023 soja sunka kifar da mulki Yamai, anka sake rufe ƙofa, manyan motoci sunka yi jerin gwano bakin hanya, kaya na ruɓewa cikinsu, ba a buɗe ba sai watan Maris na 2024, shi ma cikin azumi. Ku tuna wa ya fi shan wuya cikin waɗanga shekaru. 'Yan dako da 'yan kamasho da 'yan canji da masu abinci na tasha da duk wanda cinsa ke rataye ga ƙofar nan, sun wayi gari ba su da ko sisi, waɗansu sun sai da babur, waɗansu sun sai da gadon mata. Maɗinki kuwa bai rasa ɗinkin salla ba. Maƙeri bai rasa mai gyaran garma ba. Wanda ke da fadama ƙarƙashin madatsar ruwa ta Jibiya ya ci daga albasarsa da tumatirinsa. Su ma sun ji jiki, zama idan kasuwa ta mutu kowa shina ji, amma ba su mutu tare da ita ba. Sana'ar da ke cikin hannunka, babu mai sa ma ta kwaɗo daga Abuja ko Yamai. Wadda ke rataye ga ƙofa, mabuɗinta na aljihun wani.

Ban ce fatauci tsakanin ƙasashen biyu haramun ne ba, Allah shi kiyashe ni. Fatauci sana'ar Annabi ce, kuma falke mai gaskiya darajarsa babba ce ranar ƙiyama. Wanda ya bi ƙofa da rana, ya bayyana kayansa, ya biya abin da anka aza, ya sai da abin da ya halatta, shi ci ribarsa da daɗin rai. Kuma tsohuwar da ta ɗauki tiya biyu ta gero za ta kai ma ɗiyarta Ɗan Isa, babu mai hankalin da za shi kira ta 'yar fasa-ƙwauri, zumunci ta ke sadarwa.

Magana tana ga fito na dare. Masu yinsa suna kafa hujja, suna cewa kuɗin da hukuma ke karɓa bisa kaya ba zakka ba ne, malamai ma sun yi magana a kansa. Na'am, sun yi magana, kuma ba nan ne wurin warware ta ba. Amma ni ina tambayarka abin da ke kewaye da aikin, ya kai ɗana. Shin kana iya yinsa ba ka yi ƙarya ba? Kana iya yinsa ba ka ba da rashawa ba, alhali an la'anci mai ba da ita da mai karɓarta? Kana iya yinsa ba ka yi rantsuwar kaffara ba? Asuba nawa ta same ka cikin daji ba alwala? Kuma motar da ka cire ma kujeru ka ɗora ma abin da ya fi ƙarfinta, kana gudu da ita ba fitila tsakiyar ƙauye, kadan ta bi ta kan yaron wani, wace hujja za ka kafa gaban Allah? Ran da ta kife da kai kuwa, ranka ba naka ba ne balle ka yi caca da shi saboda buhu arba'in. Abin da ba a kaiwa gare shi sai ta hanyar haramun shida, ba ka bukatar dogon bincike bisa na bakwai.

Akwai abin da ya fi wannan muni, ina rubuta shi hannuna na nauyi. Kun san abin da ɓarayin daji sunka yi ma ƙasar ga, Jibiya da Batsari da Safana da sauransu, har cikin 2021 hukumar Katsina ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, ta hana sai da dabbobi cikin kasuwanni da dama har da tamu, ta hana sai da mai cikin jarka, anka yanke layin waya. Waɗanga mutane ba su haƙo mai cikin daji, ba su toya burodi, ba su san wa ya sai da sa jiya ba sai an gaya masu. Daga cikin gari a ke kai masu. Wanda ya ɗauki wannan sana'a, ko kai mai, ko kai abinci da ƙwaya, ko sayen dabbar da ya san ta sata ce, ko tsegunta masu gidan mai hali, ya sani shina da kaso cikin kowane jini da anka zubar da kowace mace da anka keta ma haddi. Kada shi ce ni ciniki na yi. Malamanmu na Malikiyya sun hana sai da makami ga mai tare hanya, sun hana sai da inabi ga wanda anka san giya za shi yi da shi, to ina ga man da za a zuba ma babur a tafi kashe Musulmi? Kadan mai wanga aiki shina zama da'irar wazifa, shi ji tsoron Allah, shi tashi shi tuba, shi mai da haƙƙi ga ma'abotansa gwargwadon iko. Farin ƙyallen da a ke shimfiɗawa tsakiyar da'ira ba shi wanke jini. Wanda anka tilasta ma da bakin bindiga, hukuncinsa daban ne, shi kai maganarsa ga malami a ɓoye.

Fasali bisa buri

Buri ba aibi ba ne. Himma ita ce dokin muridi, wanda ba shi da himma ga duniyarsa da wuya shi yi ta ga lahirarsa. Abin dubawa, mene ne ƙarƙashin burin. Kadan saurayi ya zo ya ce a roƙa ma shi aikin kwastan ko na shige da fice ko ɗan sanda, sai a tambaye shi, albashin ka ke so ko abin da ke bayan albashin? In ya ce albashi da tsare haƙƙin jama'a, a roƙa ma shi da zuciya guda, zama wurin nan shina bukatar masu tsoron Allah, kuma akwai su ciki, mun san waɗanda sunka yi aikin sunka gama ba su da komi sai mutunci. In kuwa gidan bene ya gani na wani, ya lissafa ya ga albashi ba shi gina shi, shi ne ya sa shi ke so, to addu'ar da ta kamace shi ita ce Allah shi tsare shi daga abin da shi ke biɗa. Malamin da ya karɓi sadaka ya yi ma irin wannan rubutun sha domin kaya su wuce ba a gani ba, ko domin a kai shi wurin da ake samu, ya sai da ayoyin Allah da kuɗi kaɗan, kuma shi abokin tarayya ne.

Waɗansu burinsu ƙetare hamada, Libiya ko Aljeriya, ta hanyar Agadas. Ci-rani al'adarmu ce tun kaka da kakanni, ba a hana shi. Amma ku tuna cikin watan Oktoba na 2013 an tsinci gawa 92 cikin sahara arewa da Arlit, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace, mafi yawansu mata da yara ne, Hausawa 'yan'uwanmu na ƙasar Kance. Wanda ba shi da sana'a nan, can ma ba shi da ita, sai bara ko abin da ya fi bara ƙasƙanci. Ka koyi abin yi tukuna, sa'an nan ka yi shawara da iyayenka, ka yi istihara. Kuma yardar iyaye sharaɗi ce cikin sharuɗɗan wuridinmu, ba a tsallake ta.

Amma yaron da Allah ya buɗa ma kai ga karatun zamani, shina burin shi zamo likita ko malamin makaranta ko mai ilmin gina hanya da rijiya, kada wani shi karya ma shi gwiwa da sunan zuhudu. Imamu Gazali cikin Ihya'u ya sanya ilmin likita da lissafi cikin farillan kifaya, waɗanda in gari ya rasa mai yinsu duk gari ya yi laifi, har ya yi kukan garuruwan Musulmi da sunka cika da masu gardamar fiƙihu babu likita Musulmi ko guda. Matanmu na haihuwa, wa mu ke so shi duba su in ba ɗiyanmu mata ba? Sharaɗi guda ne, shi san farillan ainihi tukuna, tsarkinsa da sallarsa da tauhidinsa, Ahalari da Ishmawi da Iziyya su zauna ma shi, kana shi tafi Katsina ko Zariya ko inda Allah ya nufe shi. In ya gama kuma bai sami aikin hukuma ba, kada shi zauna gindin bedi shekara biyar shina jiran takarda. Masu biɗar aikin sun fi kujerun yawa nesa ba kusa ba. Shi kama wani abu da hannunsa, ilminsa ba shi ruɓewa.

An aza harsashin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi cikin watan Fabrairu na 2021, an tsara ta bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Samari da yawa sun rataya zuciya gare ta. Ni abin da na sani, kowane babban aiki in ya zo gari, mai walda da kanikanci da gini da aikin lantarki shi a ke kira da suna a yi ciniki da shi, wanda bai iya komi ba kuwa shi ne mai ɗaukar siminti, ranar da aiki ya ƙare a sallame shi. Shekara uku gaban maigida cikin gareji, da haƙuri da zagi da baƙin mai, sun fi shekara goma na jiran sa'a.

A nan ina da magana da 'yan'uwana malaman allo. Gardawan dā ba su sauke Alƙur'ani ba sai da allura hannunsu, ɗinkin hula da aikin wuyan riga da rubutun littattafai da ɗaurin tadarishi, da damina kuwa gonar malam. Shi ya sa alaramma na dā ba shi sunkuyar da kai gaban mai kuɗi. Wanda ya riƙe yaro shekara goma, ya sallame shi da sittin cikin ƙirji ba shi da abin da za shi ci da shi, ya ba shi takobi bai ba shi kube ba. Irin waɗanga yara su a ke fara ruɗi da kuɗin jarka. Kowane almajiri da ya kai shekara goma sha biyu, a haɗa shi da mai sana'a amintacce cikin 'yan'uwa, ranar Alhamis da Juma'a da tsakanin karatun safe da na marece. 'Yan'uwa masu shago da gareji da keken ɗinki, wannan hidima ce ga ɗariƙa wadda ta fi yanka sa ranar maulidi.

Mas'ala ga 'yan canji

Ba shi halatta ga baligi shi shiga wani aiki sai ya san hukuncin Allah cikinsa, kuma Sayyidina Umaru ya kasance shina hana wanda bai san fiƙihun ciniki ba zama kasuwa. Naira da sefa jinsi biyu ne, saboda haka fifiko tsakaninsu ya halatta bisa abin da kunka yarda da shi. Abin da bai halatta ba shi ne jinkiri. Ka ba shi sefa yanzu, shi ce naira sai ranar Lahadi in kasuwa ta ci, wannan riba ce ta jinkiri, ko da ba a ƙara ko kwabo ba. Hannu da hannu, kafin ku rabu. Kadan ta waya za a turo, kada ku watse sai kuɗin sun shiga. Naira da naira kuwa, tsohuwa da sabuwa ko ta hannu da ta banki, ba a sai da dubu da dubu da ɗari. Ladan aikin mai na'urar cire kuɗi, wanda anka sani tun farko gwargwadon wahalarsa, malaman zamani da yawa sun halatta shi bisa cewa ijara ce, amma ranar da kuɗi sunka yi wuya, kamar farkon 2023 da anka canza takardun naira, wanda ya mai da ladan nan tsani shina yankar talakawa, sunan ya canza, hukuncin ma ya canza. Kuma baƙauyen da bai san yadda canji ya kwana ba, kada ka ci shi da jahilcinsa.

Masu awo, ku tuna mutanen Annabi Shu'aibu da abin da ya halaka su, da surar da Allah ya buɗe ta da azaba ga masu tauye mudu. Tiya biyu, ta saye da ta sayarwa, da bugun gindin kwano, da zuba tsaba mai kyau bisa bakin buhu, da jiƙa hatsi domin shi yi nauyi, da sake ma shinkafa buhu a kira ta da sunan da ba nata ba, duk algushu ne. Dillali shi faɗi aibin dabba ko da ciniki za shi mutu. Mai ɓoye hatsi lokacin tsanani shina jiran yunwar Musulmi ta ƙara ma shi kuɗi, shi ma ya san matsayinsa. Kuma wanda ke tara irin waɗanga kuɗi domin shi tafi ziyara Kaulaha ko Fas, ko shi sauke farali, ya sani Allah mai tsarki ne, ba shi karɓar sai mai tsarki. Mai da su ga ma'abotansu ya fi ma shi tafiyar.

Mas'ala ga direbobi da 'yan kabu-kabu da masu dako

Suna cewa aiki ba shi barinsu su riƙe wuridi. Ɗariƙa ba ta ƙuntata ma kowa ba. Lazimi istigfari ɗari ne da salati ɗari da hailala ɗari, bai kai tsawon shan shayi guda wurin mai tebur ba. Na safe lokacinsa daga bayan sallar asuba zuwa hantsi, mai uzuri shina da sarari har faɗuwar rana. Na marece daga bayan la'asar zuwa lisha, mai uzuri shina da sarari har ketowar alfijir. Wanda ya kuɓuce ma shi, shi rama, zama ya zamo alwashi bisa wuyansa. Wazifa sau guda ta isa cikin yini da dare, in akwai 'yan'uwa wurin da ka sauka ka zauna da su, in babu ka yi kai kaɗai. Wanda ya yi taimama, ko bai sami wuri mai tsarki da za shi zauna ba, ba shi karanta Jauharatul Kamali, sai shi karanta Salatil Fatihi ashirin madadinta. Kada direba shi ja wuridi shina tuƙi cikin cunkoso, hankalinsa rabe, rayukan mutane na hannunsa, shi bari sai ya tsaya. Amma salla ba ta da madadi, kuma ba a jinkirta ta domin layin lodi. In fasinja sun yi gunaguni, ka tsaya ka yi, mafi yawansu za su sauko su bi ka. Ranar Juma'a in an yi kiran salla ciniki ya haramta har a sallame, sa'an nan ku watsu cikin ƙasa ku biɗi falalar Allah kamar yadda surar Juma'a ta yi izini, bayan la'asar kuma ku komo ga zikiri har rana ta faɗi.

Allah shi azurta mu da halal mai yalwa, shi tsare ɗiyanmu daga abin da ke cikin daji da abin da ke cikin dare, shi kwantar da ƙasarmu, wannan gefe da wancan. Wanda ya karanta wagga takarda shi karanta ma wanda bai iya ba, shi sa mai rubutu da iyayensa da malamansa cikin addu'a. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Tammat, da godiyar Allah da kyakkyawan taimakonsa.